Iyafis mai igiya ko na Bluetooth?

Sani, ajiye sukundireban nan ka matso. Jiya ina jin ka, kwastoma ya tambayi wanne ya fi daɗin sauti, mai igiya ko na Bluetooth, ka ce masa na Bluetooth tunda ya fi tsada. Yau kuma kana tambayata ko ka faɗi daidai. To, ka yi kuskure.

In igiya ce, wayar da kanta ke haɗa sautin ta turo shi kunne kai tsaye. Bluetooth kuwa ƙofarsa ƙarama ce, sai an matse kaya kafin su shige. Sautin faifan CD yana cin kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. SBC, tsarin matsewar da duk iyafis ɗin Bluetooth ya sani, iyakarsa wajen 328, sauran zubar da shi ake yi. iPhone tana aiki da wani tsarin matsewar mai suna AAC. Sony ta fito da nata tsarin, LDAC, mai kaiwa 990, kuma ya shigo Android tun ta 8, amma sai wayar da iyafis ɗin duk sun iya shi. In ɗaya bai iya ba, a koma na ƙasa.

Sai dai kar ka ɗauki lissafin nan ka riƙa karanta wa mutane a kasuwar Wunti. Fara tambayar mutum me yake saurare. Galibi wa'azi ne ko waƙar da aka tura masa ta WhatsApp ko Xender, an riga an matse ta tun can, ga shi kuma a cikin Keke Napep zai ji ta. Wane kunne ne zai gane bambanci a nan? Ni kaina da na tsufa a sana'ar ba na ganewa. Ingancin 'yar sifikar da ke cikin iyafis ɗin shi ne magana. Na Bluetooth mai kyau ya fi mai igiya na bakin titi nesa ba kusa ba.

Inda igiya ba ta da abokin karawa shi ne jinkiri. Bluetooth yakan makara kaɗan, mai buga gem ko mai haɗa bidiyo zai ga abu ya faru kafin ya ji ƙararsa. A kira ma, da makirfonsa ya buɗe ingancin sauti yake raguwa. Ga caji, ka kuwa san halin wutarmu.

Kafin ka miƙa mai igiya, juya wayar ka duba ko tana da ramin saka iyafis. Apple ta cire shi tun iPhone 7 a 2016, amma yawancin Tecno da itel suna da shi. Mai ramin caji na Type-C kaɗai sai da adafta, ka gwada masa ita a nan kafin ya biya, don ba kowace ke shiga da kowace waya ba.

Wannan Infinix ɗin da aka ce kunne ɗaya ke yi, kar ka kwance ta tukuna. Ina zargin ƙurar hunturu ce ta cika ramin. Miƙo min burushi.