Katunan besbol 792 a kwali ɗaya: ta lamba zan jera ko ta kulob?

Tambaya: Salam Malam. Ina zaune a Bronx da ke birnin New York, maƙwabcinmu ya ba yarona kwalin takalmi cike da katunan 'yan wasan besbol na kamfanin Topps na 1987, duk a cakuɗe. Mun sayo bainda (fayil mai zobba da ake jera shafukan leda a ciki), to ta ina za mu fara? Wasu sun ce ta lamba, wasu ta kulob.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka fara tambayar yaron me yake so da su, domin daga nan ne tsarin zai fito. In burinsa ya haɗa set ɗin, wato dukkan katunan shekarar, ya cika to ta lamba kawai, ba wata magana. Ka juya bayan kowane kati za ka ga lambarsa, na 1987 ɗin nan masu gefe kamar katako guda 792 ne, ledar da ake sawa a bainda kuma aljihu 9 gare ta, kaga shafi 88 cif kenan babu ragowa. Abin da mutane ke ɓatawa shi ne in ba su da lamba 14 sai su tura 15 a gurbinta, ranar da 14 ta samu sai an kwashe ɗaruruwan katuna an matsar da su ɗaya bayan ɗaya, wallahi aiki ne na banza. Ka bar aljihun a fanko, ko ka sa 'yar takarda mai lambar. Neman guri ma lissafi ne, katin Barry Bonds lamba 320 ne, shafi 35 sun cinye 315, to yana shafi na 36 aljihu na biyar, tsakiyar shafin daidai. Na Bo Jackson lamba 170, na Mark McGwire 366.

In kuwa yaron mai goyon bayan kulob ɗin Yankees ne kamar yawancin yaran unguwarku, jerin lamba zai gundure shi, don Topps ba ta jera 'yan kulob ɗaya kusa da juna ba, a warwatse suke. Sai ku ware ta kulob, kowane kulob ya fara a sabon shafi, a ciki kuma ko ta harafin suna ko ta gurbin da ɗan wasa ke tsayawa a fili, tunda mutum tara ne a fili aljihu ma tara, wasu har sukan mai da shafi guda ya zama jerin 'yan wasan farko. Akwai masu bin ɗan wasa guda shekara bayan shekara, wannan sai katunan sun yi yawa tukuna. Ni dai ga yaro na fi son na kulob, ya fi sa shi buɗe baindar.

Kayan kuma a kula. Bainda mai zobe siffar D ake so, mai zagayayyen zobe yana lanƙwasa katunan da ke layin ciki. Ledar a duba an rubuta babu PVC (wata roba mai lalata kati), irin na kamfanin Ultra Pro sun wadatar. Kati ɗaya a aljihu ɗaya, in ka cusa biyu baya da baya ka rufe lamba da bayanan wasan, kuma aljihun zai saki. Shafi 88 da nauyi, gara a raba bainda biyu, kar kuma a ajiye a ɗakin ƙasa mai danshi ko inda rana ke bugawa.

Kar ka sa rai da kuɗi dan Allah, katunan ƙarshen shekarun 1980 an buga su da yawan gaske shi ya sa yawancinsu ba su da tsada. Labarin katin Mickey Mantle da aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022 na 1952 ne, kuma irin waɗancan na 1952 zuwa 1956 sun fi girma, ba sa shiga ledar aljihu 9, sai mai 8, don sai a 1957 Topps ta koma girman inci 2.5 da 3.5. In kun tsinci wani tsoho haka a cikin kwalin kar ku tura shi da ƙarfi, a sa shi a 'yar leda mai laushi sannan a robar nan mai tauri ta kati ɗaya, a ajiye daban.