Tocila mai tsada ko 'yar araha: ina zan zuba jarina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan wuta a Babbar Kasuwar Gombe. Tocilar da nake sarowa daga Sabon Garin Kano a kan N2,500 ina sayar da ita N3,200, kuma tana tafiya. Wani dila ya kawo min masu suna, sari N45,000, ya ce zan sayar N55,000. Na ɗauki biyu, sai da suka yi wata uku kafin su fita. Masu tsadar nan har yanzu suna da kasuwa, ko in bar su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Mu fara da lissafin da ka bayar. N90,000 ta saya maka masu tsada biyu, ribarsu N20,000 a wata uku. Wannan kuɗin zai saro 'yan araha 36. A ce suna ƙarewa a wata guda, a ce kuma huɗu sun mutu a hannunka ko an dawo da su. Ribar 32 ita ce N22,400, ka cire asarar huɗun, N10,000, saura N12,400. A wata uku N37,200 ke nan. To ka ga 'yar araha ta yi gaba, domin kuɗinta yana juyawa, na mai tsada kuwa yana kwance. Amma dubi inda kusan rabin ribarka ya tafi: a kan waɗanda suka lalace. Nan ne gyaran yake.

A da, bambancin tocila mai suna da sauran a haske yake. Tun da ƙwan LED ya yi araha wannan tazarar ta ragu ƙwarai, kuma wayar hannu ta kwashe masu sayen tocila don neman takalmi a tsakar gida. Cikin tocilolin masu suna, Maglite dai a Amurka ake ƙera ta, amma Fenix da Nitecore da Olight duk kamfanonin Sin ne, saboda haka maganar “wannan ba 'yar Chana ba ce” ba hujjar ciniki ba ce. Abin da mai tsada take sayarwa yanzu abu uku ne: batir na gaske, na'urar da ke daidaita wuta tana kare batirin, da gangar jikin alminiyam mai zoben roba da ke hana ruwa shiga.

Batirin shi ne kusan komai. Yawancin 'yan arahan da ake sokawa kai tsaye a soket suna ɗauke da ƙaramin batirin darma mai asid, na bolt 4. Irin wannan in ya zauna babu caji wata da watanni, ba ya sake ɗaukar wuta yadda ya kamata, kuma zafin Maris da Afrilu a shago mai rufin kwano yana gaggauta mutuwarsa. Sau da yawa kayan sun riga sun daɗe a sito kafin su iso Gombe. Don haka kada ka sari fiye da abin da za ka sayar a wata biyu, ka kunna kowace ɗaya a gaban dila, wadda ta yi kwantai kuma ka yi mata caji duk bayan wata biyu. Ka riƙa gaya wa mai saye kada ya kunna ta tana kan caji, kada kuma ya bar ta a soket ya kwanta. Cajar cikinta ba ta yanke wuta in batir ya cika, in wutar NEPA ta dawo da ƙarfi kuma ƙwayayen ne ke fara ƙonewa. Wannan 'yar maganar kaɗai za ta rage maka kayan da ake dawowa da su.

Shawarata, ka nemi na tsakiya, masu batirin litiyam 18650 (lambar girman batirin ce) da ake cirewa a sauya, masu caji da igiyar waya. In batirin ya mutu tocilar ba ta mutu ba, mai ita zai dawo wurinka ya sayi wani, kai kuma ka ci riba sau biyu. Sai dai jabu ya yi yawa. Batirin 18650 na gaske ba ya wuce mAh 3,500 ko ɗan sama da haka (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), don haka duk wanda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce. Nauyin na gaske giram 45 ne zuwa 48. Ka ajiye ƙaramin sikeli, wanda ka auna ka ga giram 30 ka mayar wa mai shi. Haka rubutun lumen 100,000 a jikin kwali (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske): ƙwai ɗaya a kan batir ɗaya, in ya ba da 1,000 ya yi ƙoƙari, kuma zai yi zafi ya rage da kansa bayan 'yan mintuna. Gwajin da ya fi rubutu gaskiya shi ne ka cika samfur da caji, ka kunna, ka duba agogo ka ga awa nawa zai yi kafin ya dushe. Batun ruwa kuma, dubi alamar juriyar ruwa da aka rubuta: IPX4 yayyafi kawai take jurewa, IPX7 ce ke iya nutsewa mita ɗaya na minti 30.

Masu tsadar fa? Suna da mutanensu, amma ba su ne masu wucewa ta bakin shago ba. 'Yan sintiri, mafarauta, masu gadin gonaki da rumbuna lokacin kaka, masunta irin na Dadin Kowa, makiyaya, kanikawa masu son ta goshi: waɗannan tocila kayan aikinsu ce, in ta mutu da tsakar dare a daji ba ƙaramar magana ba ce. Su ne za su saurare ka in ka lissafa musu kuɗin 'yan arahan da suke saye a shekara. Wanda kuwa ya zo da N3,000 a hannu, kada ka ɓata bakinka, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kada masu tsada su ci fiye da kashi goma cikin ɗari na jarin tocilolinka. Ka ajiye ɗaya ta nuni, sauran sai an yi oda an ba ka rabin kuɗi kafin alƙalami. Mafi yawan jarin ya zauna a 'yan araha, ka fara na tsakiyan da dozin ɗaya ko biyu, tare da batura da caja.

Kafin ka sake karɓar kaya daga dilan, ka tambaye shi: in ta lalace a wata shida, wa zai canza? Garantin da ke jikin kwali ba shi da amfani in babu wakilin kamfanin da za a kai wa a nan ƙasar, kai mai saye zai riƙe. Ku rubuta yarjejeniyar a kan rasit. Kuma tunda farashin wannan kaya yana bin dala, kafin ka sayar da wadda ta daɗe a shago ka buga waya Kano ka ji nawa sabon sari yake, ka ɗora ribarka a kan wannan, ba a kan kuɗin da ka saya wata uku da suka wuce ba.