Na ɓoye gurabe a fom, maɓallin "Aika" ya daina aiki: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Gombe, ina haɗa wa wata ƙungiyar manoma da makiyaya fom ɗin rajista a intanet. So nake idan mutum ya zaɓi "manomi" tambayoyin gona su fito, idan ya zaɓi "makiyayi" na dabbobi su fito. Na yi da JavaScript, suna ɓuya suna fitowa lafiya lau. Amma da an cika an danna "Aika", shiru kake ji. Sannan wanda ya zaɓi Bauchi ya dawo ya canza zuwa Gombe, ƙaramar hukumar Bauchi tana nan zaune a gurbinta. Ko sai na koma React ne, kayan aikin nan na JavaScript na gina shafuka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Kada ka koma ko'ina tukuna. Ga uwar matsalar farko: ka ɓoye wa idon mutum gurbi, amma ba ka gaya wa burauza cewa gurbin ya fita daga lissafi ba.

Kusan na tabbata ka sa wa gurbin "yawan shanu" alamar required, wato dole a cika shi. Manomi ya gama nasa ya danna "Aika". Kafin burauza ta tura komai sai ta bi guraben dole ɗaya bayan ɗaya, ta tarar da na shanu babu komai a ciki. Aikinta shi ne ta kai mutum wurin ta ce masa "cika nan". To ina za ta kai shi, alhali ka ɓoye gurbin? Sai ta ƙi turawa, ta kuma ja bakinta ta yi gum. Buɗe shafin a Chrome a kwamfuta, danna F12, ka shiga ɓangaren Console, ka sake gwadawa. Za ka ga saƙon da ke cewa akwai gurbin da ba a cika daidai ba kuma ba za a iya kai wa gare shi ba.

Maganin yana cikin HTML tun tuni. Ka tara tambayoyin dabbobi duka cikin fieldset guda, ka ba shi suna da legend, misali "Bayanin kiwo". Na gona ma haka. Duk lokacin da za ka ɓoye rukuni, ka sa masa abu biyu tare: hidden domin ya ɓace wa ido, da disabled domin ya fita daga aiki. Idan fieldset ya samu disabled, duk guraben da ke cikinsa sun kwanta ke nan: burauza ba za ta tambayi ko an cika su ba, ba kuma za ta tura abin da ke cikinsu ba. Wannan na biyun ya fi muhimmanci. Mutum zai iya rubuta shanu goma sha biyu, ya tuna ai rajistar ta ƙaninsa ce manomi, ya canza zaɓi. Idan ɓoyewa kawai ka yi, shanun nan za su bi fom ɗin har rumbun bayanai. Ka kuma kula, idan ka ba rukunin display: flex ko grid a CSS, zai iya danne hidden, rukunin ya ƙi ɓuya.

Ni ba na goge abin da mutum ya rubuta a rukunin da aka kwantar. Yatsa yakan zame a kan waya, kuma wanda ya ɓata minti biyar yana cike bayanin gonarsa bai cancanci ya dawo ya tarar da wayam ba.

Ƙaramar hukuma kuwa dole a goge ta. Da an canza jiha, ka zubar da tsohon jerin gaba ɗaya, ka zuba sabo, ka mayar da zaɓin kan "Zaɓi ƙaramar hukuma". Na taɓa karɓar bayanan rajistar wata ƙungiya don in tace, na riƙa cin karo da "Jiha: Gombe, Ƙaramar hukuma: Alkaleri". Ba laifin masu cikewa ba ne. Gombe da Bauchi jiha ɗaya ce har zuwa 1996, mutane da yawa gida a can, gona a nan, dole su yi ta canza zaɓi. Kwana biyu muka yi muna kiran mutane a waya kafin bayanan suka daidaita, abin da layi uku na rubutu zai hana.

Sunayen ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan ba su kai nauyin hoto ɗaya ba, don haka ka loda su sau ɗaya tare da shafin, kada kowane zaɓi ya jira netwok. Na Gombe 11 ne, na Bauchi 20. Idan kana son jerin ya yi daɗin dubawa, optgroup zai raba maka su shiyya-shiyya: Dukku, Funakaye, Gombe, Kwami da Nafada a arewa, Akko da Yamaltu/Deba a tsakiya, Balanga, Billiri, Kaltungo da Shongom a kudu. Sai in ka sauka zuwa gundumomi ne za ka buƙaci ɗebowa daga saba, wato kwamfutar da ke ajiye da shafin da bayanansa. A nan ka soke tsohuwar buƙata da AbortController kafin ka tura sabuwa, domin idan netwok na ja da baya, amsar Akko tana iya isowa bayan mutum ya riga ya koma Kwami.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kada kowane maɓalli ya zama shi ke ɓoye nasa rukunin. Yau rukuni biyu gare ka. Gobe shugaban ƙungiya zai ce a ƙara "noman rani" saboda mutanen Dadin Kowa, kuma mai noman rani a tambaye shi ko yana da injin ban ruwa. Sharaɗi ya hau kan sharaɗi ke nan. Mutum ya zaɓi manomi, ya zaɓi rani, tambayar inji ta fito, sai ya koma makiyayi: rukunin gona ya ɓace, tambayar inji ta tsaya ita kaɗai kamar marainiya. Abin yi shi ne ka rubuta sharaɗin kowane rukuni a jikinsa, ka yi aiki guda ɗaya, ka kira shi "sabunta", wanda zai karanta amsoshin da ke fom a yanzu, ya bi rukunai daga sama zuwa ƙasa yana yanke wa kowanne hukunci. Ka ɗaura shi a kan change (sanarwar da burauza ke bayarwa idan an canza amsa) na fom ɗin gaba ɗaya, ba na kowane gurbi ba, ka kuma kira shi da zarar shafi ya buɗe, saboda burauza takan dawo da tsofaffin amsoshi idan mutum ya koma baya. Idan ka taɓa aikin tattara bayanai da KoboToolbox, ka san layin relevant a takardar tsara fom, inda ake rubuta sharaɗin fitowar kowace tambaya. Tunanin ɗaya ne. React ma, da Facebook ya saki a 2013, a kan wannan aka gina shi: bayani a wuri ɗaya, fuska tana bin sa. Ka koye shi in lokaci ya yi, amma fom mai rukuni huɗu bai kai a ɗauko masa shi ba.

Wani abu da ban ji ka ambata ba: a Dukku ko Nafada, mutum nawa ne manomi zalla ko makiyayi zalla? Da yawa suna da gona suna da awaki a bayan gida. Ka ba su akwatunan da za a iya zaɓar biyu, kada ka tilasta musu ɗaya.

Sannan duk sharaɗin nan ka maimaita shi a saba. Abin da ke burauza kowa na iya tsallake shi. Saba ce za ta ƙi karɓar Alkaleri a ƙarƙashin Gombe. Kafin ka miƙa aikin, ka ari wayar wani daga cikin 'yan ƙungiyar ka cika fom ɗin a kanta, musamman a Opera Mini, domin idan an kunna tsananin tsimin data a can, sabar Opera ce ke gudanar da JavaScript ɗin ba wayar ba, kuma kowane zaɓi yana iya sa shafin ya sake lodi.