Amsa: Lasisin kemis ya isa in riƙa sayar da allurai?

Malam, ka ce kana da kemis a Kurna, kana tambaya ko lasisinka ya ba ka damar sayar da allurai da magungunan da sai likita ya rubuta. Gaskiya bai ba ka ba. Lasisin kemis da hukumar PCN, mai kula da harkar famasi da kemis a Najeriya, ke bayarwa na ƙananan magunguna ne da ke cikin jerin da ta amince da su, irin su farasitamol da gishirin ORS. Allurai da tiramadol aikin famasi ne mai rajista, wanda ƙwararren mai haɗa magunguna ke kula da shi, ana kuma sabunta rajistar duk shekara.

Dalilin ba takarda kaɗai ba ce. Ka san zafin Kano a watan Afrilu: shago mai rufin kwano, wuta ba ta zama, ga insulin a firjin da ya kwana a kashe. Mai ciwon suga zai saya da kuɗinsa, ya yi allura, ba ta yi masa aiki ba. Don Allah ka tsaya iya lasisinka. Sarin kaya kuwa, tunda aka mayar da dillalan Sabon Gari kasuwar magani ta Dangwauro, can za ka je, ka duba lambar NAFDAC a kowane kwali, ka adana rasit, domin masu duba shaguna kan nema.