Hukuncin sa ragar fatar alade a tiyatar ƙaba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. An yi mini tiyatar hanji, daga baya wurin ɗinkin ya saki ta ciki, ƙaba ta fito. Aka sa mini ragar roba, ta yi mugunya, aka cire ta. Yanzu likita ya ce zai sa wata da ake yi da fatar alade. Na yi watanni ina ja da baya. Wani ya ce mini ba komai, tunda an sarrafa ta ta koma wani abu daban. Ya halatta? Kuma yaya sallata idan tana jikina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Ragar roba, irin ta folifurofilin da likitoci suka daɗe suna ɗinkawa, babu saɓani a kan halaccinta, kuma ita ake sa wa mafi yawan masu gwaiwa. Abin da ya raba tambayarka da tasu maganar mugunyar nan ce. Inda ciwo ya gurɓace, ƙwayoyin cuta kan maƙale a zaren roba har magani ya kasa kai musu. Shi ya sa wasu likitoci ke komawa ga ragar da aka ciro daga jikin dabba, wadda jijiyoyin jini ke ratsawa, naman mutum ya tsiro a cikinta.

Maganar wanda ya ce maka ba komai kuwa, ban yarda da ita ba. Yana nufin istihala, wato najasa ta rikiɗe ta bar asalinta da sunanta da siffarta, kamar giya ta koma khal (binega). Ka'idar gaskiya ce, Hanafiyya sun tafi a kanta, haka Ibnu Taimiyya, kuma da ita wani taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ya halatta jelatin, sinadarin da ake sarrafawa daga ƙashi da fatar dabba, ko da dabbar najasa ce. Amma duba yadda ake yin ragar. A ragogi irin su masu suna Strattice da Permacol, ana ɗaukar fatar aladen ne a wanke ƙwayoyin halittar da ke cikinta don kada jiki ya ƙi ta, a bar saƙar kolajin, wato zaren da ke riƙe fatar, yadda Allah ya halitta ta. Wannan saƙar ake nema; da ta rushe, da ragar ba ta da amfani. To ina rikiɗar? Likita zai buɗe leda ya ɗago falle fari mai kauri, ya yanka da almakashi, a jikin kwalin kuma an rubuta fatar alade ce. Wannan ya fi kusa da jima, kuma a mazhabobin nan huɗu jima ba ta tsarkake fatar alade. Idan aka ce ai daga baya jiki zai cinye ta, sai mu ce hukunci yana kan halinta ranar da aka sa ta. Ballantana wadda aka ƙarfafa da sinadari, irin Permacol, takan daɗe a jiki ba ta narke ba. Illar ra'ayin cewa ragar ta rikiɗe ita ce mutum ya daina neman madadi, alhali hukuncin a kan madadin ya rataya.

Ƙofar da ta dace da kai ita ce ta larura, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna irinta. Imam Nawawi a littafinsa Minhaj ya ce wanda aka ɗora wa ƙashi da ƙashi mai najasa saboda rashin mai tsarki, yana da uzuri. Don haka ka koma wurin likitanka ka tambaye shi kai tsaye: akwai abin da zai yi aikin da wannan za ta yi? Akwai ragar da ake yi da tantanin zuciyar saniya, akwai ta fatar ɗan Adam, akwai irin Phasix da ba ta dabba ba ce kuma takan narke a hankali. Har ragar roba mai manyan idanu wasu likitoci na sawa a gurɓataccen ciwo, domin su kansu ba su haɗu a kan fifikon ta dabba ba. Ta saniyar ma a san cewa idan ba yankakkiya ba ce mushe ce, sai dai ta fi ta alade sauƙi. Idan likita masani amintacce, ko da ba Musulmi ba ne, ya ce madadin babu shi a hannu, ko ya fi ƙarfinka, ko zai fi cutar da kai, to a sa ta alade, babu laifi a kanka. Sallarka ingantacciya ce, limancinka ma haka, ba za ka rama komai ba, kuma ba a sake farka cikinka don a cire ta.

Ka kuma tambaya ko da an ce maka ta roba ce, domin wasu da ake sawa ta ɓangaren hanji ana shafe fuskarsu ɗaya da kolajin na alade don kada hanji ya manne.

Ɗan'uwa, jinkirin nan ya fi damuna fiye da ragar. Na san tsoron Allah ne ya tsayar da kai, amma ƙaba ba ta jira. Ranar da kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ga amai, bayan gida ya tsaya, hanji ne ya shaƙe, kuma hanjin yana iya mutuwa cikin sa'o'i. A lokacin sai asibiti nan take, ba sauran neman fatawa. Bayan aikin ka yi sallah a zaune har likita ya sake ka, kada ka matsa wa cikinka da ruku'u da sujada. Idan azumi ya riske ka, ka sha ka rama. In kana shan taba ka bari tun kafin tiyata, tana hana ciwo warkewa. Kuma ba dole ba ne kowa ya ji irin ragar da aka sa maka. Yawan bakuna shi zai dawo maka da waswasi.

Wallahu a'alam.