Tauraro, gwarzo, da wanda labari ke fita daga bakinsa

Wata ɗaliba daga Gusau ta tambaya: malaminsu ya kira Alhaji Imam na littafin Ruwan Bagaja "babban tauraro", alhali ita ta ga mutum ne mai wayo da zamba. Yaya za a ba mazambaci wannan suna?

'Yata, kin haɗa tauraro da gwarzo ne, kuma ba ke kaɗai ba. Gwarzo yabo ne, ana faɗa wa wanda ya jure, ya yi abin da ya gagari maza. A nazarin adabi kuwa, tauraro matsayi ne kawai: wanda labari ke bi duk inda ya sa ƙafa. Yana iya zama mutumin kirki, yana iya zama ɓarawo. Alhaji Imam ya fita neman ruwan Bagaja don a yi wa ɗan sarki magani, niyya mai kyau, amma a hanya shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba abin da suke yi sai cutar juna, wannan ya yi, wancan ya rama. Wannan ba ya hana shi zama tauraro. Ko gwarzo ne, ke za ki yanke hukunci bayan kin gama karatu.

Wani malamin sakandare daga Talatar Mafara ya kawo wadda ta fi tsaya mini a rai. Ya ce tunda Hausawa na cewa "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi", ashe labarin da mai shi ya bayar da kansa shi ne gaskiya?

Malam, daɗi karin maganar ta ce, ba ta ce gaskiya ba. Mai waƙa ya san inda zai ja da inda zai sassauta, haka mai labari ya san abin da zai ɓoye. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka shirya a 1933 ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, aka buga shi a 1934, ya kuma sa labarin a bakin Alhaji Imam, yana ba Koje Sarkin Labari. Duk abin da muka sani game da Zurƙe, daga bakin abokin hamayyarsa muka ji shi. Da Zurƙe ne ya zauna a gaban Koje, wa kake jin zai fito mugun? Ina roƙon ka jefa wa ɗalibanka wannan tambaya, ka ga yadda ajin zai farka.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma na 1934, wani iri ne. Dattijon malami ne ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa, shi ya sa muke sakin jiki da maganarsa. Duk da haka, wahalar da mahaifiyarsa ta sha tana nemansa har ƙetaren Sahara ba a gabansa aka yi ba. Ji ya yi, mu kuma muka ji daga wanda ya ji.

Akun da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fi su duka koyar da wannan darasi. A littafi na farko ba don nishaɗi yake ba Musa ɗan sarki labarai ba. Sarki ya tafi yaƙi, waziri ya ƙulla makirci, aku kuma yana jan hira har gari ya waye don kada yaron ya fita. Kowane labari dabaibayi ne. Wanda ya karanta labaran ɗai-ɗai, bai tambayi dalilin da ya sa aku ya zaɓi wannan a daren nan ba, ya bar rabin littafin a ƙasa.

Wata uwa daga Argungu ta ce kakarta na rufe tatsuniya da "ƙurunƙus kan kusu", jikokin ita mai tambayar kuwa "kan ɗan ɓera" suke cewa, wanne ne daidai? Hajiya, duka daidai ne. Kusu shi ne ɓera a Hausar Sakkwato, Kabi da Zamfara. Ki ci gaba da faɗin na kakarki, ki kuma koya musu abin da ake ƙarawa, "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", inda mai tatsuniya ke ɗora wa Gizo nauyin duk abin da ta faɗa.