Tambayoyin Masu Karatu: Doguwar Tafiya da Babur da Kwanan Hanya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur 125, shekararsa biyu a hannuna. Bayan damina ina so in kai wa mahaifiyata kaya daga Ngawundare zuwa Marwa. Me zan duba a jikinsa, kuma zan iya kaiwa a rana ɗaya? Daga wani tela, Ngawundare.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba da ladan zumunci. Tafiyar ta kusa kilomita 500: kimanin 280 zuwa Garwa, sai wajen 210 daga can zuwa Marwa. Ƙaramin babur da kaya ba zai cinye wannan ba sai dare ya riske ka, don haka ka raba ta biyu. Ka tashi bayan asuba, ka kwana Garwa.

Kwana biyu kafin tafiya ka juye baƙin mai, kusan lita ɗaya na 20W-50 yake sha. Ka wanke soson iska da kananzir, ya bushe, ka ɗiga masa mai kaɗan ka matse, domin idan ƙurar hunturu ta toshe shi babur zai yi ta zuƙar fetur ba ƙarfi. Sarƙa kuma ka ɗaga ta da yatsa a tsakiya, wasanta ya kasance santimita 2 zuwa 3, kuma ka gwada bayan an ɗaura kaya ka hau. Mutane da yawa suna ɗaure ta tamau babur yana wofi, nauyi na hawa sai ta ƙara miƙewa, ta cinye haƙoran sufuroket ko ta tsinke a daji.

Abin da ya fi tsayar da matafiya shi ne tayar baya. Idan iska ta yi ƙasa ka faɗa rami, bakin rim yana datse tif, za ka ga huji biyu kusa da juna, wani lokaci ma bakin tif ɗin ya tsinke gaba ɗaya. Ka ba ta iska wajen 32 a ma'aunin iskar taya (PSI), ta gaba 25 zuwa 28, ka auna da safe kafin kwalta ta yi zafi. Ka riƙe sabon tif na gaba da na baya, da kayan faci, da ƙaramin famfo, da ƙarfen cire taya guda biyu, da fulogi, da wayar kuloci, da mahaɗin sarƙa, da sifana 10, 12, 14 da 17. Kaya masu nauyi su sauka gefe biyu daidai wa daida, a ɗaure da robar tsohon tif. In ka jibge su can bayan kariya, wato ƙarfen ɗaura kaya, gaban babur zai yi sakayau ya riƙa rawa a hannunka.

Wuri ɗaya muke roƙon ka natsu: gangaren dutsen da ke gaban Ngawundare kafin Mbe. Tudun Ngawundare ya haura mita 1,000 daga teku, Garwa kuwa wajen 200 take, kuma babban rabon saukar a wannan gangare yake, ga kwana-kwana, ga manyan motocin da ke kai kaya Cadi. Kada ka sa babur a furi don tattalin mai. Ka sauka da giya ta biyu, inji ya riƙe ka, domin birkin da aka danne ba hutu yakan yi zafi ya daina kamawa.

Tambaya: Mu uku ne, muna son yawon buɗe ido da babura a yankin Binuwai, mu riƙa kwana inda dare ya yi mana. Ina ya fi dacewa mu shimfiɗa? Daga wasu ɗalibai, Garwa.

Amsa: Samari, kada ku bari dare ne zai zaɓa muku masauki. Da la'asar ku tsaya a ƙauye, ku nemi jauro ko lawan, wato mai gari, ku gaishe shi, ku faɗi inda kuka fito da inda kuka dosa. Galibi zai nuna muku zaure ko harabar masallaci, kuma baƙon da mai gari ya san da zamansa ba a taɓa shi da wasa. Kwana a daji ku kaɗai ba mu yarda da shi ba, saboda zargina, wato 'yan fashin hanya, da masu garkuwa da mutane, musamman wajajen iyaka. Cikin gandun dajin Binuwai kuwa ba a kwana sai da izinin ma'aikatansa.

Kada yashin mayo, wato busasshen rafi, ya ruɗe ku don laushinsa. Ana iya yin ruwa a kan duwatsu nesa da ku, ambaliya ta iso tsakar dare alhali samanku tas take. Bakin kogi ma a guje shi, nan ne hanyar dorina idan ta fito kiwo da dare.

Ku share wurin har ƙasa ta fito, nesa da tarin duwatsu da suri da tulin kara. Tamfol a ƙasa, tabarma a kai, gidan sauro a rataye tsakanin babura biyu, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Kwarin Binuwai gidan kububuwa ne, ba a taka ƙasa da dare sai da takalmi da tocila, kuma a zazzage takalmi da safe saboda kunama. Idan an yi sara, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau. A ɗaura mata sanda kada ta motsa, a garzaya asibiti mai maganin dafi. Ruwa kowa ya riƙe aƙalla lita 5 a rana, daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a ƙara. Wanda jiri ya kama a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa.

Tambaya: Man zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, yana lalata inji? Daga wani mai acaba, Figil.

Amsa: Wanda aka gauraya da kananzir yana sa inji ƙwanƙwasa, ya baƙanta fulogi. Ɗiga kaɗan a tafin hannu: fetur mai kyau yana bushewa nan take, gaurayayye yana barin maiƙo. Ka tace da ƙyalle mai tsabta, kada ka karɓi na gindin kwalba, can ruwa da datti suke kwanciya.

Tambaya: Daga Marwa zuwa Njamena, wace hanya, kuma da waɗanne takardu? Daga wani ɗan kasuwa, Marwa.

Amsa: Alhaji, hanyar Mora, Waza, Dabanga zuwa Kuseri ta fi kusa, amma ta sha fama da Boko Haram, ka tambayi jandarmomi halin da ake ciki kafin ka hau ta. Tun 2025 akwai gada a kan kogin Logon tsakanin Yagwa da Bongor, daga nan ka bi ta Gelendeng. Ka riƙe katin shaida ko fasfo, da lasin tuƙi, da takardar mallakar babur mai sunanka, da inshorar CEMAC (ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya), da katin rigakafin shawara, kowanne da kwafinsa a leda daban.